Yadda ake gwada ganin kusa a zaɓa wa mutum tabarau na karatu inda likitan ido ya yi nisa

Alamar farko a hannu take bayyana, tun kafin mai ita ya yarda cewa daga ido ne. Mutum ya haura shekara 40, ya ɗauko waya zai duba lamba, sai ka ga ya miƙe hannu yana nesanta ta da fuskarsa, ya ja kai baya, ya ƙanƙance ido. Tela ya kai zare bakin kafar allura sau uku yana kuskurewa, ya lashi bakin zaren ya sake gwadawa, daga ƙarshe ya miƙa wa yaro. Da rana a fili abin da sauƙi, amma da yamma ta yi ko a ɗaki mai duhu sai rubutu ya cakuɗe, goshi ya ɗauki ciwo. In kuwa ka nuna masa mota daga nesa, tsaf zai karanta maka lambarta. Wannan shi ne raunin ganin kusa da shekaru ke kawowa, wanda likitoci ke kira firesbiyofiya, kalmar da ta fito daga Girkanci mai nufin idon dattijo.

Abin da ke faruwa a ciki ba shi da wuyar fahimta. Bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garau, faɗinsa kimanin santimita 1, yana rataye da siraran zaruruwa a jikin wata tsoka mai siffar zobe. In za a dubi abu na kusa sai tsokar ta tsuke, zaruruwan su saki, madubin ya kumbura ya ƙara ƙarfi. Madubin yaro laushi gare shi, shi ya sa ɗan shekara 10 ke ganin rubutu tangaran a nisan santimita 7 ko 8. Amma madubin nan tun daga haihuwa yake ƙara sabon shafi a kan tsoho, yana tauri sannu a hankali. A shekara 45 mafi kusan wurin da ido zai iya kamawa ya koma kimanin santimita 30, a shekara 50 kimanin santimita 40, a shekara 60 kusan mita 1. Daga nan miƙa hannu ya daina amfani.

Ba cuta ba ce, kuma ba yawan karatu ko kallon waya ke jawo ta ba. Duk wanda ya yi tsawon rai zai gamu da ita. Babu abinci, ƙwaya ko motsa ido da ke mayar wa madubin nan laushinsa. Abin da ake yi shi ne a sa wani gilashi mai kumburi a gaban ido ya cike ƙarfin da ya ɓace, dabarar da aka fara a Italiya tun ƙarshen ƙarni na 13. Duk da haka rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ƙiyasta mutum biliyan 1.8 ne ke da wannan rauni, miliyan 826 daga cikinsu ba su da tabarau ko nasu bai dace da su ba. Kuma asarar ba ta karatu kaɗai ba ce. A wani gwaji da aka yi da masu tsinkar ganyen shayi a Assam ta Indiya, aka wallafa a 2018, waɗanda aka ba tabarau sun ƙara yawan abin da suke tsinka da kusan kashi 22 cikin 100. A Bangaladash, binciken da ƙungiyoyin VisionSpring da BRAC suka shiga, aka wallafa a 2024, ya samu ƙarin kuɗin shiga na kimanin kashi 33 cikin 100. Can ma'aikatan lafiya na unguwa ne ke yin gwajin, ba likitoci ba. Aikin yana koyuwa, muddin za a bi shi daki-daki. Dokar wanda ya halatta ya ba da tabarau ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a fara da tuntuɓar hukumar lafiya da asibitin idon da za a riƙa tura mutane.

Kayan aiki da ma'anar lambar da ke jikin tabarau

Ana bukatar allon gwajin nesa mai harafin E da ke juyawa sama, ƙasa, dama da hagu, don wanda bai iya karatu ba ya nuna da yatsu inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Layi biyu sun wadatar: babba na 6/60 da ƙarami na 6/12 (6/60 na nufin harafin da lafiyayyen ido ke gani daga mita 60, 6/12 kuma daga mita 12, ana gwada su daga mita 6). In a nisan mita 3 za a yi gwajin, tsayin babban harafi milimita 44 ne, ƙaramin kuwa kusan milimita 9. Sai katin gwajin kusa mai layin N8 da N6, a ɗaura masa zare mai tsawon santimita 40 daidai. N8 shi ne girman rubutun jarida, N6 kuma shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka a matsayin ganin kusa mai kyau. In kai za ka buga allon da katin, ka tabbata injin bai rage ko ƙara girma ba, ka kuma auna harafin da rula bayan ya fito. Hukumar tana da manhajar waya mai suna WHOeyes da ke gwada nesa da kusa, ga wanda ya fi son haka.

Sauran kayan ƙanana ne: igiya mai mita 3, tef na awo, tocila, ɗan kwali baƙi da aka huda tsakiyarsa hujin da bai wuce milimita 1 zuwa 1.5 ba, madubin duba fuska, littafin rajista da takardun tura mutum asibiti. Tabarau na gwaji guda 5 ne: +1.00, +1.50, +2.00, +2.50 da +3.00. Kada a manta da allura da zare, kwalin magani mai ƙananan rubutu da waya, domin da yawan mutane ba katin gwaji ke gamsar da su ba, sai sun ga zare ya shige kafar allura.

Lambar nan da ake bugawa a cikin ƙafar tabarau ita ce ƙarfin gilashin, ana auna ta da diyofta. Lissafinta ɗaya ne, kuma duk aikin a kansa ya rataya: raba 100 da nisan abu a santimita, abin da ya fito shi ne ƙarfin da ake bukata don a ga abin. Abu a santimita 50 yana son 2.00, a santimita 40 yana son 2.50, a santimita 33 yana son 3.00. Ɗan shekara 45 idonsa na iya kawo wani kaso, gilashi ya cike sauran. Ɗan shekara 65 kusan duka gilashi ne zai ɗauke masa. A juya lissafin kuma: wanda ganinsa na nesa lafiya lau ne, in ya sa +2.50, duk abin da ya wuce santimita 40 zai zama hazo-hazo, in +1.50 ne, iyakarsa kimanin santimita 67. Ke nan ƙarin lamba ba ƙarin alheri ba ne. Duk sanda ka ƙara lamba, ka matso da aikin kusa da hanci ka kuma ƙuntata filin da ake gani tangaran.

Fara da tambaya, sannan gwajin nesa

Zaunar da mutum a wuri mai haske sosai, amma ba rana na dukan fuskarsa ba. Tambaye shi shekarunsa, aikin da yake yi da hannu, abin da ya fi ba shi wahalar gani, da yaushe abin ya fara. Raunin shekaru a hankali yake zuwa, a ido biyu tare, ba ciwo ba ja. In ya ce cikin kwana biyu gani ya ragu, ko ido ɗaya ne, to ba shi ba ne. Tambayi ciwon suga, hawan jini, tiyatar ido, ko akwai wanda ya makance a dangi, ko yana da wani tabarau a gida. Sannan ka haska tocila ka duba: ja, kwantsa, kumburi, fari a tsakiyar baƙin ido, tabo a kan baƙin, ko ido ɗaya ya karkace.

Mafi yawan masu raba tabarau a nan suke yin sakaci, su tsallake gwajin nesa don ai kusa aka zo nema. Kuskure ne babba, domin gwajin nesa shi ne matatar da ke raba mai raunin shekaru da mai cuta. Auna mita 3 da igiya. Mutum ya rufe idon hagu da tafin hannu, ba da yatsu ba don ana leƙe ta tsakaninsu, kuma kada ya danne ƙwayar idon, in ya danne zai ɗan jima yana gani dishi-dishi. Nuna babban harafi tukuna: "Baba, ina ƙafafun wannan suka duba? Ku nuna min da hannu." In ya gane wasan sai ka sauka layin 6/12. In ya faɗi aƙalla 4 daidai cikin 5, ya wuce. Sauya ido a sake. Mai tabarau na nesa ya sa abinsa yayin gwajin.

In ido ɗaya ko duka biyu ya kasa 6/12, sa masa kwalin mai huji ya leƙa. In gani ya gyaru ta hujin, akwai yiwuwar matsalar ta awon ido ce, tana bukatar tabarau na musamman da ƙwararre zai auna. In bai gyaru ba, a yi zargin yanar ido ko wata cuta a bayan ido. Ko wanne ne, asibiti za a tura shi. Haka kuma a tura nan take, ba jira, duk mai ciwo mai tsanani a ido, jan ido tare da raguwar gani, ɗaukewar gani farat ɗaya, ganin walƙiya ko ɗige-ɗige baƙaƙe da suka yawaita kwatsam, ganin kamar labule ya rufe gefe, ganin abu biyu-biyu, ko rauni a ido.

Zaɓen lamba

Wanda ya wuce gwajin nesa sai a miƙa masa katin kusa, ido biyu a buɗe, bakin zaren a gefen idonsa, katin a ɗaya bakin, zaren a miƙe. In ya karanta N6 ba tare da ya takura ba, bai bukatar komai yanzu, ko da shekarunsa 46. A gaya masa abin da ke tafe, a sallame shi. In ya kasa, a shiga gwaji.

Shekaru mafari ne kawai. Daga 40 zuwa 44 a fara da +1.00; daga 45 zuwa 49, +1.50, daga 50 zuwa 54, +2.00, daga 55 zuwa sama, +2.50. Mutane da dama ba su riƙe shekarunsu daidai ba, wannan ba damuwa ba ce: fara da +1.50 ka hau ko ka sauka. Sa masa tabarau ɗin, ba shi daƙiƙa kaɗan ido ya zauna, sannan ya duba N6. In bai fita ba, hau mataki ɗaya. In ya fita, gwada na ƙasa da shi ka gani. Ƙa'idar ita ce a ba da mafi ƙarancin lambar da mutum ke gani da ita sarai cikin natsuwa. Kada ka tambaya "wanne ya fi?", domin kusan kowa mai ƙarfi zai zaɓa, don yana ƙara wa rubutu girma. Tambayar da ta dace ita ce: "Mama, da wannan kuna gani sarai, ko sai kun matso da shi?"

Yanzu a ajiye katin a koma ga aikin mutum na gaskiya, a nan ne gwanin mai gwaji ke bambanta da mai raba kaya. Ka ce ya riƙe hannunsa yadda yake riƙewa in yana aiki, ka auna da tef daga ido zuwa abin. Mai ɗinkin hannu ko mai gyaran waya yakan riƙe a santimita 30 zuwa 35. Mai karatu, kimanin 40. Mai keken ɗinki, kafinta, makanike da mai kwamfuta, aikinsu na tsakanin 50 da 70. Ɗauki mutum biyu 'yan shekara 58: mai saƙa a santimita 33 na iya bukatar +3.00, mai keken ɗinki da allurarsa ke santimita 55 kuwa +1.50 ne zai yi masa. In ka ba mai keken +2.50 don jadawalin shekaru ya faɗa, zai riƙa sunkuyar da kai har hancinsa ya kusa taɓa yadi, wuya da baya su ƙage, cikin mako guda ya jefa tabarau ɗin a aljihun tebur ya ce ba shi da kyau. Mai dogon hannu yakan so lamba ƙasa da ta gajere, ko da sa'anni ne.

Gwaji na ƙarshe shi ne na iyaka. Da tabarau a fuska, ya matso da katin a hankali har rubutu ya fara dusashewa, ka lura da nisan. Ya nesanta shi har ya sake dusashewa, ka lura. Nisan aikinsa ya kamata ya faɗo a tsakiyar waɗannan iyakoki biyu. In ya faɗo dab da iyakar waje, wato sai ya matso da abu fiye da yadda ya saba, lambar ta yi yawa. In ya faɗo dab da iyakar ciki, har yanzu yana son miƙa hannu, ta yi kaɗan. Bar shi ya yi minti 2 ko 3 yana karatu ko zura zare kafin a yanke. Wanda ke da aiki iri biyu masu nisa daban, a gaya masa gaskiya: ko ya zaɓi wanda ya fi muhimmanci, ko ya ɗauki guda biyu.

Akwai waɗanda jadawalin ba ya hawa kansu. Mai gajeren gani, wanda nesa ke ba wahala tun yana yaro, yakan karanta lafiya in ya cire tabarau ɗinsa na nesa, kuma na karatu zai ƙara dagula masa ne. Wanda aka yi wa tiyatar yanar ido aka sa masa madubin roba, galibi yana bukatar kimanin +2.50 ko shekarunsa nawa, don madubin roba ba ya kumbura. Wanda bai kai 40 ba amma kusa na ba shi wahala, ko ɗan 45 da sai +2.50 ke masa, wataƙila yana da wani raunin awo da ya daɗe a ɓoye, a tura shi a auna. Wanda +3.00 bai kai shi N6 ba, kada a ɗora masa gilashi kan gilashi, a tura shi. Yara kuwa ba a ba su irin wannan tabarau ko kusa.

Abin da ke ɓacewa da dalilinsa

Tabarau na kanti lamba ɗaya ce a gilashi biyu. In idanun mutum sun bambanta da fiye da diyofta 1, ɗaya zai gani ɗaya ya sha wahala. Hanyar ganewa: da tabarau a fuska, rufe ido ɗaya ya karanta, sauya. In bambancin a bayyane yake, na aune yake bukata. Haka wanda fuskar idonsa ba ta zagaye daidai ba, zai ce maka haruffa na da inuwa ko suna da wutsiya duk lambar da ka sa.

Ciwon kai da jin ido na ja bayan minti 10 na karatu yawanci daga tsakiyar gilashi ne. Kowane gilashi na da cibiya, wurin da haske ke wucewa bai karkace ba, kuma ya kamata ta faɗo daidai saitin tsakiyar baƙin ido. Tazarar da ke tsakanin idanun manya galibi tsakanin milimita 58 da 68 take, tana kuma raguwa da kimanin milimita 3 in ana duban kusa. In firam, wato jikin tabarau da ke riƙe gilashin, ya yi wa fuska faɗi, cibiyoyin sun fita waje, gilashin sai ya riƙa karkatar da hoto, tsokokin ido su yi ta kokawar haɗa hoto biyu. Lissafin: kuskuren a santimita sau lambar gilashi. Kuskuren milimita 4 a +2.50 na ba da karkata ta 1 a wannan ido, a +1.00 kuwa 0.4 kacal. Shi ya sa zaɓen firam ya fi muhimmanci ga masu manyan lambobi. Kuskure na sama da ƙasa ya fi na gefe muni, ido ba ya jure shi ko kaɗan, don haka firam da ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, a daidaita shi ko a cire shi daga kaya. Tsaya a gaban mutum ka duba: baƙin ido a tsakiyar kowane gilashi, firam bai zame daga hanci in ya sunkuya, ƙafafu ba su matse gefen kai ba, gashin ido bai shafar gilashi.

Jiri da tuntuɓe daga rashin bayani suke. Dole a faɗa a kuma nuna: wannan na kusa ne kawai. Kafin ya tashi, ka ce ya ɗaga kai ya dubi ƙofa da tabarau ɗin a fuska. Zai ga hazo. Ka ce masa haka ya kamata ya kasance, ba lalacewa ba ce. Ba a tafiya da shi, ba a hawa ko sauka daga bene, ba a tuƙi ko hawa babur. Faɗuwa ga tsoho ba ƙaramin abu ba ne. Wanda aikinsa ke sa ya riƙa ɗaga kai yana duban mutane, kamar mai sayar da kaya ko malami, siririn firam da ke zama ƙasa a hanci ya fi masa, ya riƙa leƙe ta sama. Ko mai hawa biyu wanda samansa farin gilashi ne, ƙasansa na karatu.

Wani lokaci lambar daidai ce, haske ne babu. Idon ɗan shekara 60 na bukatar haske ninkin na matashi, saboda ƙofar baƙin idonsa ta ƙanƙance, madubin kuma ya fara rawaya. Fitila ta fito daga gefe ko ta bayan kafaɗa ta sauka a kan aikin, ba ta haska fuska ba.

Mutane da yawa na gudun tabarau don sun ji ana cewa yana cinye ido, in ka fara ba ka dainawa. Kada ka yi musu da tsawa, akwai abin da suka gani. Mutum ya fara da +1.00, bayan shekara 4 ko 5 sai +1.50, ya cire ya ga ya fi da muni. Amma madubin ciki zai ci gaba da tauri ko an sa ko ba a sa ba, har wajen shekara 60 zuwa 65 inda lambar ke tsayawa. Abin da ya canza shi ne ya ɗanɗana gani sarai, ya daina yarda da dishi-dishi. A bayyana wannan tun ranar farko, tare da cewa zai dawo neman ƙarin lamba.

Babban haɗarin wannan aiki kuwa shi ne tabarau ya rufe cuta. Hawan jinin ido, wato gilakoma, a shekarun nan yake yawaita, ba ya ciwo, daga gefe yake cin gani, kuma mai shi na iya wuce 6/12 da N6 lafiya lau alhali jijiyar idonsa na mutuwa. Abin da ya ci ba ya dawowa. Mutum ya sami tabarau, ya ga rubutu, ya ɗauka idonsa ya warke, bai sake neman kowa ba. Saboda haka duk wanda ka ba tabarau ka gaya masa wannan ba binciken ido ba ne, ya je a auna masa ƙarfin ruwan ido a duba jijiya, musamman in akwai makanta a dangi. Mai ciwon suga a duba bayan idonsa kowace shekara. Kuma in sugansa na hawa da sauka, lambar da ta yi masa yau ba lallai ta yi masa jibi ba, a bari ya daidaita tukuna. Tsohon da ya zo da murna cewa ya ajiye tabarau yanzu yana karatu da idonsa, a tura shi asibiti: sau da yawa yanar ido ce ta fara daga tsakiyar madubi ta sauya ƙarfinsa, ganin nesa kuma na raguwa.

Kaya, inganci da isar da su

Kada ka yarda da lambar da aka manna sai ka gwada wasu daga kowane kwali. Tsaya a ɗaki ka juya wa taga baya, ɗaga tabarau gaban farin bango, ka matsa gaba da baya har hoton abin da ke can nesa a waje ya fito a bangon a kife, tangaran. Auna daga gilashi zuwa bango: +1.00 zai ba da santimita 100, +2.00 santimita 50, +2.50 santimita 40, +3.00 santimita 33. Gwada gilashin dama da na hagu daban, su zo ɗaya. Sannan ka riƙe shi nesa kaɗan da idonka ka dubi layi miƙaƙƙe kamar gefen ƙofa, ka motsa shi a hankali. In layin na lanƙwasa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa, gilashin ba shi da kyau. Buɗe ƙafafu ka rufe sau da yawa. Masu sifirin a maɗauri sun fi jure fuska daban-daban. Ajiye shi a kan tebur, ƙafafu biyu su taɓa tare.

Lambobin tsakiya sun fi tafiya. Ga mai farawa da guda 50, rabo mai ma'ana shi ne +1.00 guda 8, +1.50 guda 12, +2.00 guda 14, +2.50 guda 11, +3.00 guda 5, a firam iri biyu ko uku, da faɗi da matsakaici. Bayan wata biyu rajistarka za ta gaya maka yadda za ka gyara rabon. In lambar mutum ta ƙare, kada ka ba shi ta sama don kada ya tafi hannu wofi. In dole ne, ta ƙasa da mataki ɗaya ta fi sauƙin jurewa. Tsofaffin tabarau da ake tarawa sadaka ba su cika amfani ba, don kowanne an auna shi ne wa idon wani, kuma wahalar tantance su ta fi ta sayen sababbi. Ka bar mutum ya dubi madubi ya zaɓi firam da kansa. Abin da mutum ke jin kunyar sawa a gaban jama'a ba zai sa ba.

Ko a ba da kyauta ko a karɓi ɗan abu, abin da ya fi muhimmanci shi ne a san inda za a sami wani in wannan ya karye. Rabon rana ɗaya da ba a sake dawowa na barin mutum inda yake bayan shekara guda. Ya fi kyau kayan su zauna a wurin da mutane ke zuwa dama, kamar ƙaramin asibiti, kantin magani ko hannun ma'aikacin lafiya na unguwa. Ga mai ƙaramin ƙarfi, kuɗin mota da yinin aikin da zai rasa sukan fi kuɗin tabarau ɗin nauyi, kuma mata da tsofaffi su suka fi kasa yin tafiyar, don haka a kai gwajin inda suke aiki ko zama, a lokacin da ba su cikin hidima.

Kafin ya tafi, nuna masa kula da shi. A sa a cire da hannu biyu, don hannu ɗaya ke buɗe maɗauri. Gilashin roba ne, ƙura ce ke karce shi, saboda haka a fara zuba ruwa, a shafa ɗan sabulu mai laushi, a ɗauraye, a goge da tsumma mai taushi. Goge shi a bushe da bakin riga shi ke mayar da shi fari-fari cikin watanni. Ba a kifa shi a kan gilashinsa, ba a barinsa kusa da wuta ko cikin mota a rana, zafi na lanƙwasa firam. Igiyar rataya a wuya na rage ɓata da zama a kai. Kai kuma ka riƙe ƙaramin sukundireba da 'yan sukurori, domin yawancin tabarau da ake cewa sun karye, sukuru ɗaya ne ya fice daga maɗauri. A rajista ka rubuta shekaru, aiki, sakamakon nesa na kowane ido, nisan aiki, lambar da ka bayar da ko ka tura asibiti. Rubuta masa lambar a 'yar takarda ya ajiye, ka ce ya dawo cikin mako 2 in akwai ciwon kai ko jiri, in babu kuma bayan shekara 2, ko duk ranar da ya ga hannunsa ya fara miƙewa kuma. Waɗanda ka tura asibiti ka sa musu alama a gefen suna, in wata ya cika ka bincika ko sun je.